Kafin ka biya "kuɗin horo", ka ji tarihin matuƙan jirgin Amurka

Duk wanda aka taɓa ce masa "kawo kuɗin horo mu ɗauke ka aiki", ya tsaya ya karanta.

A shekarun 1990 matuƙan jirgin sama sun yi yawa a Amurka, guraben aiki kuma kaɗan. Sai ƙananan kamfanoni suka ce sabon matuƙi shi zai biya kuɗin horonsa, wajen dala 10,000, sannan ya fara karɓar albashin da bai taka kara ya karya ba. Kamfanin Gulfstream International na Fulorida ma kujerar mataimakin matuƙi yake sayarwa: ka biya, ka tuƙa fasinja awa 250.

A Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka rasu. Majalisa ta yi doka a 2010, daga 2013 kuma aka ce mataimakin matuƙi a kamfanonin fasinja sai ya tara awa 1,500.

To a ina yaro zai tara awannin? A jiragen haya. Nan dabarar ta sauya riga: za mu horar da kai, amma in ka tafi kafin wa'adi, ka biya mu.

Irin wannan takarda ce ake miƙa wa direbobi da masu kula da tsofaffi. Kafin ka sa hannu, ka tambaya: nawa ne, wata nawa, bashin yana raguwa? In su suka kore ka fa? Takardar shaidar taka ce ko tasu? Ka karɓi kwafinka.

Allah ya ba mu halal.