Tashar Kishi: Ƙarshen Layi a Wakayama

Tashar Kishi ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a birnin Kinokawa, cikin lardin Wakayama na ƙasar Japan. A nan layin Kishigawa yake ƙarewa, bayan tafiyar kilomita 14.3 daga tashar Wakayama, wadda jirgi ke cinyewa a kamar rabin awa. Dandamalin hawa ɗaya ne tak gare ta, kewayenta kuwa gidaje ne da gonaki.

Layin ya girmi tashar. A 1916 wani ƙaramin kamfani mai suna Sando ya buɗe sashen farko, kuma cikin manyan dalilan shimfiɗa shi har da kai masu ziyara wuraren bautar Shinto guda 3 na yankin, wato Hinokuma da Kamayama da Itakiso. Sai a Agustan 1933 dogon ya iso Kishi. Daga nan layin ya yi ta sauya iyayen gida, har ya faɗa hannun babban kamfanin Nankai a 1961.

Zamanin Nankai ya fara da daɗi. A tsakiyar shekarun 1970 fasinjoji sun haura miliyan 3 da rabi a shekara. Amma da mota ta shiga kusan kowane gida, sai adadin ya yi ta zaizayewa har ya koma ƙasa da miliyan 2. Nankai ya gaji da asara, ya sanar cewa zai janye hannunsa.

Wannan gaɓar ce masu ba da labarin Kishi suka fi tsallakewa, alhali ita ce gishirin zancen. Mazauna garuruwan da ke bakin layin, waɗanda 'ya'yansu ke hawa jirgin zuwa makaranta, ba su naɗe hannu ba. Sun kafa ƙungiya, suka tara dubban mambobi, suka dinga matsa wa hukuma lamba. A ƙarshe gwamnatin lardi da ƙananan hukumomin yankin suka yarda su sa kuɗi, aka buɗe ƙofa ga duk kamfanin da zai iya riƙe layin. Kamfanin taragon lantarki na Okayama, na rukunin Ryobi, shi ya yi nasara. Ya kafa reshe, Wakayama Electric Railway, wanda ya karɓi aiki ranar 1 ga Afrilu 2006. Don rage kashe kuɗi, aka bar Kishi babu ma'aikaci ko ɗaya.

Sai kyanwa ta shigo. Mai wani kanti da ke jikin tashar tana kiwon kyanwoyi, kuma sauyin da aka yi ya sa dole a rushe 'yar bukkarsu. Ta roƙi shugaban sabon kamfanin, Mitsunobu Kojima, ya bar su su zauna cikin tashar. Shi kuwa ya hango abin da ya wuce alfarma: ranar 5 ga Janairu 2007 aka naɗa ɗaya daga cikinsu, Tama, mai launi uku, shugabar tasha, da hularta ta aiki. Albashinta abincin kyanwa ne, aikinta kuma ta zauna a bakin ƙofa mutane su gan ta.

Wasa-wasa, baƙi suka fara kwararowa, har daga ƙasashen waje. Masanin tattalin arziki Katsuhiro Miyamoto na Jami'ar Kansai ya ƙiyasta cewa a shekara guda Tama ta jawo wa yankin yen biliyan 1.1. Kamfanin bai yi sanya ba. A 2009 ya fito da jirgi mai zanen Tama ciki da waje, sannan a 2010 ya rushe tsohon ginin tashar ya gina sabo, wanda Eiji Mitooka ya tsara. Rufinsa na ɓawon itacen hinoki ne, irin na tsofaffin wuraren bauta, amma da kunnuwa biyu a sama da tagogi a matsayin idanu.

Tama ta mutu ranar 22 ga Yuni 2015 tana da shekara 16. Kimanin mutum 3,000 suka halarci bikin bankwana da ita a tashar, kuma bisa al'adar Shinto aka keɓe mata ɗan wurin bauta a kan dandamali. A watan Agustan shekarar aka miƙa muƙamin ga wata kyanwar, Nitama, wadda ta yi zaman koyon aiki a tashar Idakiso da ke kan layin.