Daga Talla Zuwa Sallama: Haƙƙin Mai Saye Idan Aka Ƙara Masa Kuɗin Motar Hannu a Cinikin Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da dokar Nijeriya ta tanadar wa wanda ya ga motar hannu a intanet da farashi, ya nemi saye, sai mai motar ya ƙara kuɗi. Ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa irin wannan mai saye ba shi da madafa. Sakamakon ya nuna cewa ƙarfin ƙararsa ya rataya ne ga matakin da ciniki ya kai kafin ƙarin, musamman ko an sallama masa kuma ya ba da kafin alƙalami.

Gabatarwa

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin fiton mota da farashinta a kasuwa ba su zauna wuri ɗaya ba. Dillalan da ke tallata motoci a Jiji da Facebook da Instagram sukan sa farashi yau, gobe su ce dala ta hau. Mai saye kuwa wataƙila ya taso daga Katsina zuwa Legas, ko ya riga ya tura wani abu ta banki. Tambayar ita ce: a wane lokaci ne maganar mai mota ta zama alkawarin da kotu za ta tilasta masa cikawa?

Bitar Ra'ayoyi

Amsar da aka saba ji a bakin lauyoyi ita ce talla gayyata ce kawai zuwa ga tayi. Madogararsu hukunce-hukuncen Ingila ne, waɗanda kotunan Nijeriya ke ɗauka a matsayin hujja mai ƙarfi. A shari'ar Partridge da Crittenden ta 1968, wani ya sa tallar tsuntsaye a mujalla da farashinsu, kotu ta ce wannan bai zama miƙa kaya don sayarwa ba. Haka aka yanke a shari'ar Fisher da Bell ta 1961 game da wuƙar da aka ajiye a tagar kanti. Dalilin a fili yake: mai mota ɗaya ba zai ɗauru da mutum ashirin da suka ga tallarsa ba.

Wannan maƙala ba ta musanta ƙa'idar ba. Abin da take ja da shi shi ne yadda masu wannan ra'ayi kan tsaya a kan talla, kamar ciniki a nan yake ƙarewa. Babu wanda ke sayen mota daga hoto kai tsaye. Bayan talla akwai kira, akwai saƙonnin WhatsApp, akwai tayi da albarka, kuma a nan ne doka ke da abin cewa. Masu kawo shari'ar Carlill ta 1893 don kare mai saye su ma sun yi nisa da batun, domin a can kamfani ne ya yi alkawarin fam 100 ga duk wanda ya cika wani sharaɗi, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki. Tallar mota ba ta yin haka.

Hanyar Bincike

An bi hanyar nazarin nassi: Dokar Sayar da Kaya ta 1893, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018, Dokar Shaida ta 2011, da hukunce-hukuncen da suka shafe su. An kuma kwatanta da fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Musulunci na Arewa ke aiki da shi.

Sakamako: Inda Ciniki Ke Faɗawa

A ce an tallata mota a kan naira miliyan 8. Mai saye ya rubuto cewa yana so, mai mota ya ce yanzu miliyan 9 ce. A wannan mataki dokar ƙulla ciniki ba ta ba mai saye komai ba, domin shi ne ya yi tayi, kuma ba a karɓa ba. Ko da mai motar ya ce zai riƙe masa ita zuwa Juma'a, yana iya janyewa muddin ba a biya shi komai a kan riƙon ba, kamar yadda shari'ar Routledge da Grant ta 1828 ta nuna. Akwai kuma tarkon da Bahaushe mai son neman ragi kan faɗa. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, an yi wa mutum tayin gona a kan fam 1,000, ya ce 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya yarda da 1,000, kotu ta ce tayin farko ya riga ya mutu. Wanda aka ce masa miliyan 8 ya taya 7.5, ba shi da hurumin komawa ga 8 sai mai mota ya sake yarda.

Labari yana canzawa da zarar mai mota ya rubuta "na sallama" ko makamancinsa a kan mota sananniya da farashi sananne. Tayi da karɓa sun haɗu, ciniki ya faɗa. Bisa sashe na 18 na Dokar 1893, idan kayan takamaimai ne, a shirye suke, kuma ba a gindaya sharaɗi ba, mallaka na iya komawa ga mai saye tun lokacin ƙulla cinikin, ko da bai biya ba. Ƙarin kuɗi bayan haka saɓa alkawari ne, kuma tashin dala ba uzuri ba ne.

Sai dai akwai shingen da ba a cika ambata ba, kuma shi ne jigon wannan bincike. Sashe na 4 na dokar ya ce cinikin kayan da suka kai fam 10 ba ya tilastuwa a kotu sai mai saye ya karɓi wani ɓangare na kayan, ko ya ba da wani abu don ɗaure cinikin, ko ya biya wani kaso, ko kuma akwai rubutu mai sa hannun wanda ake ƙara. Ingila ta soke wannan sashe tun 1954, amma sokewar ba ta biyo dokar zuwa Nijeriya ba, saboda mun gaje ta ne a yadda take ranar 1 ga Janairun 1900. Don haka a jihar da ke kan tsohuwar dokar, sallamar baka a waya na iya zama ingantacciya amma ta gagara tilastawa. Abin da ke ceton mai saye shi ne kafin alƙalami. Naira dubu 200 da aka tura ta banki tana yin aiki biyu: ta cika sharaɗin sashen, ta kuma bar shaidar rana da sunan wanda ya karɓa. Al'adar da 'yan kasuwarmu suka daɗe da ita ta fi dogon saƙo amfani a gaban alƙali.

Su ma saƙonnin sai an shigar da su ta ƙofar sashe na 84 na Dokar Shaida, wanda ke buƙatar bayani a kan na'urar da ta fitar da su. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka ciro daga intanet ba tare da cika wannan sharaɗi ba a shari'ar Kubor da Dickson. Hoton allon waya shi kaɗai bai isa ba.

Fiƙihun Malikiyya ya isa wuri guda ta gajeriyar hanya. Ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yardar ɓangarorin biyu, kuma Imam Malik bai yi aiki da zaɓin warware ciniki kafin a tashi daga majalisi ba. Wanda ya sallama ya sallama. Sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa ma ya halatta. Inda ake taka-tsantsan shi ne kafin alƙalamin da aka sharɗanta mai kaya zai cinye idan ciniki ya rushe, wanda mazhabar ta hana. Idan kuwa ɓangare ne na kuɗin kaya, babu laifi.

Abin da Kotu Za Ta Bayar

A nan ne mai saye kan sha mamaki. Sashe na 51 na Dokar 1893 ya ba shi diyya, kuma ma'auninta shi ne bambancin farashin ciniki da na kasuwa a ranar da ya kamata a miƙa motar. Idan an sallama a miliyan 8, irinta kuma tana 9 a kasuwa, haƙƙinsa miliyan 1 ne, haɗe da kuɗin da ya riga ya bayar. Sashe na 52 ya ba kotu ikon umartar a miƙa motar kanta, amma ba kasafai ake yin haka ga abin da ake samun irinsa ba. A 1927 an ba da irin wannan umarni game da wani jirgin ruwa a shari'ar Behnke, aka hana shi game da kujeru a shari'ar Cohen da Roche. Corolla ta fi kusa da kujerun.

Ga wanda bai kai ga sallama ba, sauran ƙofa ɗaya. Sashe na 115 na Dokar 2018 ya hana mai kasuwanci neman kuɗin da ya haura farashin da ya nuna, wasu sassan kuma sun haramta talla mai yaudara. Dillalin da ke barin ƙaramin farashi don jan mutane ya shiga ƙarƙashinsu a fahimtar wannan marubuci, kuma ana iya kai ƙararsa Hukumar FCCPC mai kare masu saye. Zuwa ga 'yan sanda kuwa ɓata lokaci ne idan babu damfara, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai.

Iyakokin Bincike

Dole a ambata cewa wasu jihohi, ciki har da Legas da Kaduna, suna da nasu dokokin sayar da kaya, kuma lambobin sassa da wasu sharuɗɗa na iya bambanta. Binciken bai ƙirga ƙararraki ba, bai kuma shiga batun mai sayar da motarsa ta gida ba, wanda ko Dokar 2018 ta hau kansa abin muhawara ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa asalin hujjar.

Kammalawa

Cewa mai saye ba shi da madafa gaskiya ne a matakin talla kawai. Bayan sallama da kafin alƙalami yana da ƙarar diyya mai ƙarfi a kotun jiha da ta Musulunci, ko da bai sami motar ba. Ana kira ga majalisun jihohin da har yanzu ke kan Dokar 1893 su gyara sashe na 4, su bayyana ƙarara cewa saƙon waya daga lambar mai kaya rubutu ne mai sa hannu.