Ƙarar da Ke Riga Dodo Fitowa

Kwanakin baya wani ɗalibi ya same ni a gidan rediyo da ɗan fim ɗinsa na ban tsoro, yana so in taya shi zaɓen sautin da zai buɗe da shi. Minti ɗaya na farko ya cika shi maƙil da tsawa, kukan mujiya, ihun mace da kiɗa har iri uku. Ban tsorata ba, kunnena ne ya gaji. Shi ya sa na koma na bi tarihin yadda magabatan wannan sana'a suka yi.

Lokacin da aka fitar da Dracula a Amurka a 1931, fim mai magana bai wuce shekara huɗu da kafuwa ba. Ba a tsara masa kiɗa na kansa ba. An ari wani yanki na Swan Lake, kiɗan Tchaikovsky, aka sa lokacin da sunaye ke wucewa. Daga nan kusan duk fim ɗin shiru ne, sai ƙarar ƙofa da kukan kyarkeci daga nesa.

A 1960 Bernard Herrmann ya tsara kiɗan Psycho da kayan tsirkiya zalla, dangin goge irin na Turawa, babu busa babu ganga. Tun daga rubutun farko kiɗan ke gudu kamar ana korar mutum, alhali ba a ga komai ba tukuna. Alfred Hitchcock ya so a bar wurin kisan banɗaki ba kiɗa. Da ya ji abin da Herrmann ya haɗa, sai ya sauya ra'ayi. Ƙarar sukan wuƙar kuwa, wani nau'in kankana aka caccaka. Mu ƴan rediyo mun san wannan dabarar, don a wasan kwaikwayo ƙoƙon kwakwa biyu sun isa su zama doki.

Jaws na 1975 ya buɗe da amo biyu kacal na John Williams, ana maimaita su suna ƙara sauri. Steven Spielberg dariya ya yi da ya fara jin su, ya zaci wasa ne. Sai ga shi kifin roban da suka ƙera yana yawan lalacewa, kiɗan nan ne ya tsaya a madadinsa.

Amma wanda ya fi dacewa da ɗalibi, a ganina, shi ne Halloween na 1978. Kuɗin fim ɗin kusan dala 300,000 ne, don haka John Carpenter da kansa ya zauna gaban fiyano. Ya yi amfani da bugu biyar-biyar da mahaifinsa, malamin kiɗa, ya koya masa yana yaro. Kunne ya saba da huɗu-huɗu, wannan bugun na biyar shi ke hana zuciya kwanciya. A allo kuma babu komai sai kabewa da aka sassaƙa mata fuska, kyandir na ci a cikinta. Carpenter ya ba da labarin cewa wata ma'aikaciyar kamfanin fim da ta kalle shi kafin a sa kiɗa ta ce ba ya ba da tsoro. Bayan an sa, ta canja magana.

Ni da ɗalibin nan sai muka share komai. Muka bar kukan gyare, da ɗigar ruwa cikin bokitin ƙarfe wadda muka naɗa da waya a bayan ofis. A daƙiƙa ta arba'in muka yanke kukan gyaren, ɗigar ta ci gaba ita kaɗai. Ya roƙi in bar masa mujiyarsa, na ƙi.