Maƙoƙo, Gishiri da Ƙibar da Ba ta Ci Ba

Duk wadda ta girma a ƙasar Zuru, in ta tambayi kakarta, za ta ba ta labarin matan da ake gani da maƙoƙo a kasuwa, wata ta rufe da gyale, wata ta saba har ta daina rufewa. Ana cewa ruwan rijiya ne, ana cewa jifa ne, har ana yi wa wuyan tsaga.

Abin da ke kumburan wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwaro, likitoci na ce mata tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki, kamar mai iza wuta a murhu. Ba ta iya yin sa sai da aidin. To, ƙasa mai duwatsu irin tamu, nesa da teku, ruwan sama kan wanke aidin daga cikinta, dawar da aka shuka ma ta tashi da kaɗan. Sai tsokar ta yi ta fama har ta kumbura. Gishirin da fatake ke kawowa a da, na Bilma da na Foga da ke bi ta kasuwar Jega, ba wanda ya zuba masa aidin.

Su ma Turawa sun sha wannan wahala, musamman mutanen duwatsun Suwizalan. A 1811 wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin cikin tokar ciyawar teku, amma sai a 1922 aka fara zuba shi a gishiri a Suwizalan, Amurka ta bi a 1924. Mu nan sai 1993 gwamnatin Nijeriya ta wajabta a sa aidin a gishirin ci, shekara biyu ke nan bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi. A 2005 aka shaidi Nijeriya a matsayin ƙasar farko a Afirka da ta cika sharaɗin. A ganina, cikin ayyukan lafiya da aka yi mana, kaɗan ne suka kai wannan araha da amfani, ko don ƙwaƙwalwar jarirai.

Sai dai gishiri bai gama da matsalar ba, kuma nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Akwai macen da aidin ya ishe ta, amma tsokar ta yi sanyi da kanta. A 1912 wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana ciwon da daga baya aka gane garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tsokar. Ya fi kama mata, wata ma bayan haihuwa irinsa ke taso mata. Wuya ba lalle ya kumbura ba. Sai kasala, jin sanyi ana tsakiyar bazara, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida, rikicewar al'ada, ga jiki na ƙaruwa alhali abincin bai ƙaru ba. A gida kuwa sai gori: "Wance ta zama malalaciya, sai ci sai barci."

Maganinsa ya girmi kakanninmu. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya yi wa wata mata allurar ruwan da aka tace daga tayirod ɗin tunkiya. Ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan maganin. A 1914 Edward Kendall ya ware ainihin sinadarin a Amurka, a 1927 aka haɗa shi a ɗakin bincike a Landan. Jikarsa ce 'yar ƙwayar da ake rubutawa yau, za ki ga levothyroxine a jikin kwali.

Ki ji gaskiyar batun ƙiba, 'yar'uwa. Abin da ciwon ke ƙarawa galibi kilo biyu zuwa biyar ne, kuma yawancinsa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. In magani ya zauna, wannan kan sauka. Ragowar kuwa sai da rage malmalar tuwo da lemon kwalba, a ƙara ganye da wake, a riƙa takawa. Kada wadda tayirod ɗinta lafiya lau ta ari ƙwayar maƙwabciya don ta rame, tana iya jawo bugun zuciya da raunin ƙashi. Shayin rage tumbi na 'yan talla ma ba ya warkar da ciwon tsokar nan.

Gwajin jini da ake kira TSH shi ke raba gardama. In babu a asibitin kusa, a nemi takardar turawa zuwa Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ana shan ƙwayar da safe da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko, a kuma raba ta da maganin ƙarin jini da kamar awa huɗu. Yawanci shan na har abada ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. Mai shan ta in ta samu juna biyu, ta gaya wa likita da wuri, don sau da yawa sai an ƙara mata adadin. Gishirin kuma a rufe shi a gwangwani, nesa da murhu da rana, don aidin na guduwa.