Uwar Allo Da Alƙawarin Gobe

Wajen shekarar 2010 na taso daga Maraɗi zuwa Kano sayen tawada da takardu na shagona na buga rubutu. Cikin tsarabar har da sillen ram guda biyu da na sayo domin in ƙara wa babbar kwamfutata kuzari. Na tambayi mai shagon ko za su shiga, ya ce, "Alhaji, ƙirga haƙoransu, 240 ne, daidai da na wajenka." Da na dawo gida na buɗe akwatin, sillen ya ƙi zama. Nawa DDR2 ne, waɗanda na sayo DDR3. Haƙoran sun zo ɗaya, amma 'yar tsagar da ke ƙasan sillen ba a wuri ɗaya take ba, kuma wutar da suke ci ma ta bambanta. Laifina ne da ban duba takardar allon ba. Tun ranar na shiga bin tarihin wannan faifai da masu gyara suke kira madabod, ni kuwa nake ce masa uwar allo, domin duk abin da ke cikin kwamfuta a jikinsa yake ratayawa.

Labarin ya faro a watan Agustan 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta teburi. Allonta yana da ramuka biyar na saka ƙarin kati, kuma kamfanin ya wallafa littafin da ya bayyana tsarin wayoyinta. Wannan ya buɗe ƙofa ga kowane maƙeri ya ƙera katin da zai shiga ramukan, wasu ma suka ƙera kwamfutar sukutum. A 1984 aka fito da samfurin AT, girman allonsa ya zama ma'aunin da kowa ke bi. Da IBM ya ga kasuwa tana sulluɓe masa, a 1987 ya fito da sabon rami mai suna Micro Channel, wanda tsofaffin katuna ba sa shigarsa, kuma sai an biya kuɗin lasisi kafin a ƙera shi. Kamfanoni tara, Compaq a gaba, suka haɗa kai a 1988 suka fito da nasu ramin, EISA, mai karɓar tsofaffin katuna. Masu saye ba su yarda su zubar da abin da suka riga suka mallaka ba, Micro Channel ya shuɗe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai kwamfuta kuwa ya san abin da ya kashe a kanta.

Abu mafi daɗewa a wannan tarihi shi ne tsarin ATX da Intel ya gabatar a 1995. Shi ya tsayar da girman allo, milimita 305 da 244, da inda ƙusoshi za su zauna, da gefen da kafofin baya za su leƙo. A 2004 Intel ɗin da kansa ya so ya maye gurbinsa da BTX saboda zafin da farosesocin wancan zamani suke yi, amma kasuwa ta yi biris, cikin shekaru biyu aka janye. Shi ya sa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin teburina, wanda ya haura shekara goma sha biyar, har yau zai ɗauki allon da aka ƙera bana. Haka ma ramin PCI Express da ya bayyana a alluna a 2004, ya kori AGP na 1997. Kowane sabon zubinsa kusan ninka gudun na baya yake yi, amma tsohon kati yana aiki a sabon rami, sabon kati yana aiki a tsoho, sai dai su daidaita a gudun wanda ya fi rauni.

Inda gizo ke saƙar shi ne mazaunin farosesa. A tsakiyar shekarun 1990 akwai mazauni mai suna Socket 7, wanda yake karɓar farosesar Intel da ta AMD da ta Cyrix, kowa ya zaɓi daidai aljihunsa. A 1997 Intel ya koma wani tsari nasa shi kaɗai tare da Pentium II, daga nan hanya ta rabu, allon wannan ba ya ɗaukar kayan wancan har yau. Bayan haka Intel ya saba sauya mazauni bayan zubi biyu ko makamancin haka. A ƙarshen 2017 zubi na takwas ya fito da ƙafafu 1151, adadi ɗaya da na zubi na shida da na bakwai, amma ba ya tashi a allunansu. Da na karanta wannan sai na tuna sillen ram ɗina. Adadin ƙafa bai taɓa zama shaida ba.

AMD ya bi wata hanya. Ya fito da mazaunin AM4 a 2016, farosesocin Ryzen suka hau shi a 2017, ya kuma yi alƙawarin riƙe shi zuwa 2020. A watan Mayun 2020 kamfanin ya sanar cewa zubi mai zuwa ba zai yi aiki a allunan B450 da X470 ba, yana mai kafa hujja da ƙarancin wuri a ɗan guntun da ke ɗauke da manhajar tayar da allo. Masu saye suka yi ca, cikin kwanaki kamfanin ya janye maganar. Zuwa 2022 har allunan farko na 2017 sun samu sabuntawar da ta ba su damar ɗaukar Ryzen 5000. Duk da haka alƙawarin yana da iyaka. A 2022 AM5 ya zo, ba ya karɓar komai sai DDR5, mai son hawa sai ya sayi allo da farosesa da ram a tashi ɗaya.

Akwai kuma ƙofar da ba a jikin allo take ba. Windows 11 da ya fito a 2021 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma jerin farosesocin da ya amince da su ya faro ne galibi daga zubi na takwas na Intel da Ryzen 2000. An tsayar da tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Mu da yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, wannan ya taɓa mu kai tsaye. Uku daga cikin huɗun shagona lafiyarsu lau, sai dai shekarunsu sun fitar da su daga jerin.

Na zauna da ƙanina muna lissafi. Shi yana son mu sayi allo mafi tsada na sabon mazauni, wai zai kai mu shekara goma. Na ce masa, "Ƙanina, wanda ya sayi Micro Channel ma haka aka faɗa masa." Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne akwati da ramin kati suna jure zamani, mazauni da ram kuwa suna da wa'adi, kuma kuɗin da aka biya domin kayan da ba a ƙera ba tukuna caca ce. Muka tsaya a kan allo matsakaici mai ramukan ram huɗu maimakon biyu, mai gurbin M.2 na sabon ma'ajiyi, wanda maƙerinsa yake ci gaba da fitar da sabuntawa. Muka zuba ragowar kuɗin a kan akwatin wuta mai kyau da abin daidaita lantarki, domin a garinmu hawa da saukar wuta da ƙurar hunturu sun fi sauyin mazauni kashe allo.

Sillen ram biyun nan har yanzu suna cikin aljihun teburina. Duk yaron da ya zo koyon aiki, kafin in bar shi ya taɓa sukudireba, sai na miƙa masa su tare da tsohon allon, in ce ya saka.