Yadda Hoton Jijiyoyin Huhu Ya Zama Magani

Duk likitan ƙirji ya san tashin hankalin mai tarin fuka da ya wayi gari yana amayar da jini cikin kwano. Abin tsoron ba ƙarewar jinin ba ne, a'a, ya cika hanyar numfashi ya shaƙe mutum. Kuma galibi ba babbar jijiyar huhu ce ke ɓarnar ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan zubar jini daga wasu 'yan siraran jijiyoyi yake, masu ciyar da bututun iska, waɗanda suka tsiro daga babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Idan cuta ta daɗe tana cin huhu, sai su kumbura, su murɗe, su fashe.

Ganinsu a jikin mai rai shi ne aiki. A 1948 Cauldwell da abokan aikinsa suka feɗe gawarwaki 150 don gano inda suke fitowa, suka tarar tsarin yana bambanta daga mutum zuwa mutum. A 1953 Sven-Ivar Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar zura siririn bututu cikin jijiya ta allura da waya, ba tare da yanka ba. Da wannan dabarar Manuel Viamonte ya wallafa hotunan jijiyoyin a Amurka a 1964: a shiga ta matsematsi, a hau da bututun har ƙirji, a fesa ruwan rini, a ɗauki hoto.

Murna ta koma ciki. Wasu marasa lafiya suka tashi daga kan gado ƙafafunsu sun shanye. Dalili kuwa, a jikin wasu mutane reshen da ke kai jini ga laka yana fitowa ne daga tushe ɗaya da jijiyar da ke ciyar da bututun iska, musamman ta dama, rinin wancan zamani kuma yana da dafi ga laka. Likitoci da yawa suka ja da baya.

Jacques Rémy na birnin Lille a Faransa ne ya farfaɗo da sana'ar a farkon shekarun 1970. Tunda bututu ya isa bakin jijiyar da ke zubar da jini, me zai hana a toshe ta? Ya yi hakan, a 1977 kuma ya wallafa sakamakon marasa lafiya 104. Wanda huhunsa ya lalace har ba ya iya jure tiyata ya samu mafita.

Yau an samu rini mai sauƙin dafi, da bututu siriri da ke wuce reshen laka kafin a saki ƙwayoyin toshewa. Tun shekarun 2000 na'urar sitiskan ke nuna taswirar jijiyoyin kafin a taɓa mara lafiya. Duk da haka, darasin farko da ake koya wa sabon likita shi ne ya ƙura wa hoto ido, ya nemi jijiyar da ke kai jini ga laka, mai lanƙwasa kamar ƙugiya a tsakiyar kashin baya, don kada a toshe ta.

Toshewa ba ta warkar da cutar da ke ƙasa. Idan ba a magance tarin fukar ba, ko funfunar da ta zauna a ramin huhu, jinin kan dawo.