Yadda Littattafan Noma da Girki Suka Iso Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Sanin gona, lambu, girki da sana'ar hannu bai daɗe da shiga takarda ba a arewacin ƙasar Zazzau. Kafin zuwan boko, rubutun ajami ya fi karkata ga addini, wasiƙu da waƙoƙi. Dashen rake a fadama kuwa, ko dafa daddawa, ko saƙar tabarma, ɗa wajen uba yake gani, 'ya kuma wajen uwa.

Daga Zariya al'amarin ya fara sauyawa. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta koma can a farkon shekarun 1930, ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, sannan a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. Cikin littattafan wannan zamani akwai Zaman Mutum da Sana'arsa, wanda ya bi sana'o'in Hausawa ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai littafi ba ya amfani sai da mai karanta shi. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 shi ya samar da masu karatun: magidanta da suka taso daga gona, suka zauna a zaure da yamma suna haɗa baƙi da wasali. Domin kada karatun ya zube, hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu arha kan noma, kiwo, tsabta da sana'a, wasu da boko wasu da ajami, tare da jaridun larduna irin su Bazazzaga ta lardin Zazzau. Kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaji buga littattafan Hausa daga 1966.

Hanya ta biyu, wadda ta fi taɓa manomin wannan yanki, ta Samaru ce. Tashar binciken noma da aka buɗe can a 1922 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a 1963 aka ware sashen isar da sakamakon bincike ga manoma, wanda yanzu ake kira NAERLS. Takardun sashen ba su da kauri: shafuka kaɗan ne da zane, suna nuna tazarar shuka, lokacin zuba taki, da dalilin tuge karan auduga a ƙone bayan an gama cira don kashe tsutsa. Malamin gona ne yake kawo su, ya karanta wa jama'a a gindin bishiya ko ƙofar gidan mai unguwa, ya bar wa wanda ya iya karatu. Kusancin Hunkuyi ta ƙasar Kudan da Makarfi da Zariya ya sa irin wannan takarda ba ta wuyar isowa. Amfaninta ya ƙara fitowa da noman rani ya bunƙasa, domin mai tumatir a Ikara, inda har masana'antar sarrafa shi aka gina, da mai rake a Makarfi da mai dankali a Kudan, kowa yana bukatar sanin awon magani da na taki, abin da kakanni ba su bar wa kowa ba.

Girki shi aka bari a baya, kuma wannan rashi ne na gaske. Azuzuwan manya sun fi cika da maza, mawallafan ma maza ne, don haka ilimin madafa ya daɗe bai samu marubuci ba. Sai da kasuwar littattafan Kano ta buɗe a ƙarshen shekarun 1980, mata suka shiga rubutu da yawa, ƙananan littattafan girke-girke da gyaran gida suka fara bayyana kusa da na soyayya a shimfiɗar masu sayarwa ranar kasuwa, ana kuma sa su cikin kayan amarya.

Rediyon Kaduna, tun daga 1962, ya ɗauki kaso mai yawa na wannan koyarwa, saboda yana kai wa wanda bai iya karatu ba. Bayan buɗe tashar AREWA24 a 2014, shirin Akushi da Rufi ya kai darasin girki cikin ɗakuna, yanzu kuma yawancin abin da ake karantawa kan haɗa sabulu, kiwon kaji ko lambun buhu ta waya yake zuwa, a zaurukan WhatsApp da Facebook.